Hadda Ko Yawan Karatu: Wace Hanya Za Ta Fisshe Ɗalibin Bakori A Turanci?

Duk yaron da ya gama sakandare a Bakori, ko a Tsiga da Kabomo da Kurami da Guga, ya san darasin da ke riƙe da makullin gabansa. Ko ya cinye lissafi da kimiyya da aikin gona, muddin bai samu kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, jami'a ba za ta buɗe masa ƙofa ba, ko ta Dutsin-ma ce, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Ahmadu Bello a Zariya. A jarrabawar JAMB ɗalibi yakan zaɓi darussa uku gwargwadon abin da yake son karantawa, amma Turanci dole ne a kan kowa, kuma shi ya fi yawan tambayoyi, 60 daga cikin 180. Ita ma gwamnatin tarayya ba ta tsaya wuri ɗaya ba a kan batun harshe. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, an amince a koyar da yara da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare, sai ga shi a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari.

Don haka babu mai musun cewa ana bukatar Turancin. Inda ake kai ruwa rana shi ne yadda za a koye shi, musamman ma'anonin kalmomi da rubutu mai tsabta. Yaron Bakori da Hausa yake tashi, da ita yake ciniki a kasuwa, da ita ake yi masa faɗa, da ita rediyo da fim ke yi masa magana. Turanci kuwa sai an buga ƙararrawa yake shigowa aji, bayan minti arba'in ya fita. A kan wannan yaron ne malamai da iyaye suka rabu gida biyu. Wasu sun ce a ba shi ƙamus da littafin nahawu, ya haddace, a yi masa shifta, a bi rubutunsa da jan biro. Wasu kuma sun ce a cika masa hannu da littattafan labari, ya yi ta karantawa yana magana yana kuskure, harshen zai zauna da kansa.

Hujjar masu hadda

Masu wannan ra'ayi, waɗanda da yawansu tsofaffin malamai ne da iyayen da suka yi firamare kafin shirin UPE na 1976, da tarihin gida suke farawa. Sun ce ba yau ƙasar Hausa ta fara koyon baƙon harshe ba. Ɗaruruwan shekaru malaman zaure suna koyar da Larabci a Katsina da 'Yandoto da Zariya, alhali ɗalibansu ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Ɗalibi zai buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ja baƙi, malam ya ba shi ma'ana da Hausa kalma bayan kalma, ya koma gida ya yi ta bita har karatun ya zauna. A irin wannan tarbiyya aka samu Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a Katsina a ƙarni na 17, waɗanda suka yi talifi da Larabci. Yaron da ya saba wanke allo, ya saba tilawa da asuba, yana da wata baiwa ta hadda da yaran wasu wurare ba su da ita. Me zai sa a zubar da ita a ƙofar makarantar boko?

Sukan kuma kafa hujja da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Turancin Tafawa Ɓalewa har Turawan kansu sun yaba masa. A cewar masu hadda, ba da wasa aka kai ga haka ba, da horo ne mai tsanani a kan furuci da nahawu da rubutu.

Hujjarsu ta biyu daga gona take. Bakori ƙasar masara ce da dawa da waken suya da auduga, kuma yau da wuya ka ga manomin da ba ya feshi. Ka tsaya a shagon maganin gona da farkon damina, za ka ga dattijo ya ɗaga jarka yana jujjuya ta, sannan ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Kai ɗan boko, duba mana, wannan kafin tsiro ake zuba shi ko bayan tsiro?" A jikin jarkar an rubuta *pre-emergence* ko *post-emergence*, wani kuma an rubuta *non-selective*, wato ba ya bambanta ciyawa da shuka. In yaron ya yi canki-canka, gonar masara guda tana iya ƙonewa. Masu hadda sun ce a nan fahimtar sama-sama ba ta da amfani. Ko dai ka san ma'anar kalma daidai, ko ba ka sani ba. Haka abin yake a takardar magani ta asibiti, da fom na banki, da yarjejeniyar bashin taki.

Sai jarrabawa. A WAEC ana son insha'in da bai gaza kalma 450 ba, ana ba shi maki 50. Goma na abin da aka faɗa ne, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma kuma na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure na harafi ko aya ko waƙafi ke cin rabin maki. Kuskure ashirin kawai, goman nan ta tafi. Akwai kuma takardar tambayoyi 80 a kan kalmomi da ginin jimla, inda ake tambayar kishiyar kalma ko wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Wanda bai zauna ya koyi waɗannan da gangan ba, in ji su, sa'a kawai zai dogara da ita.

Ba su rasa goyon bayan masana ba. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko bayan koyo take faruwa, kuma bita a kan kari, ana ba da tazara, ita ke tsayar da abu a ƙwaƙwalwa. Duk gardin tsangaya ya san wannan ko bai taɓa jin sunan mutumin ba. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington, wanda ya shafe rayuwarsa yana binciken koyon kalmomi, shi ma yana goyon bayan a rubuta kalma a gefe ɗaya na 'yar takarda, ma'anarta da harshen uwa a ɗaya gefen, a riƙa gwada kai. Ya ce hanya ce mai sauri, ba abin kunya ba ce.

Martanin masu yawan karatu

Ɗaya ɓangaren, inda za ka fi samun matasan malamai da waɗanda suka karanci koyar da harshe a kwalejojin ilimi, ba su musanta tarihin ba, amma sun ce an karanta rabinsa ne. Gaskiya ne zaure ya fitar da manyan malamai, amma ya fitar da dubban almajirai da za su fassara maka shafi guda na Risala ba gargada, in kuwa Balarabe ya tambaye su hanya sai magana ta maƙale. Kwalejin Katsina kuma 'yan ƙalilan ake ɗauka daga dukan lardunan Arewa, a kwana a makaranta, akwai malamai Turawa, Turancin na shiga kunne safe da yamma. Ba hadda kaɗai ta yi wannan aiki ba, zama cikin harshen ne ya yi.

Babbar hujjarsu ita ce kalma ba ta da ma'ana guda da za a ɗaure ta da ita. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin kasuwa. Turanci kowanne da kalmarsa daban. Yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan wahala, yana shan iska. Ɗalibin da ya haddace cewa "sha" kalma kaza ce a Turanci zai kai ta duk inda Hausa ta kai ta, ya rubuta abin da mai gyaran takarda zai ja wa layi. Irin wannan ne ke haifar da *borrow me your biro*, domin "ara" a Hausa tana ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa, Turanci kuwa ya raba su. Abin da ke koya wa mutum wace kalma ke tafiya da wace, sun ce, ganinsu ne tare sau da yawa a cikin zance. Jerin kalmomi a bayan littafi ba zai ba ka wannan ba.

Suna kuma kokawa da wata cuta da hadda ke haifarwa, wato son manyan kalmomi. Yaro zai tsinci wata doguwar kalma a ƙamus, ya ajiye ta kamar kayan salla, ranar jarrabawa ya cusa ta inda ba ta da gurbi. Wani zai haddace buɗewar wasiƙa sukutum, ya zuba ta ko wasiƙar ta ta'aziyya ce ko ta neman aiki. Sakin layi na farko ya yi ƙyalli, na biyu kuwa, inda dole ya yi magana da bakinsa, sai ginin ya rushe.

Akwai kuma lissafi. Shi dai Paul Nation ɗin da masu hadda ke kafa hujja da shi ya ƙiyasta a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba, yana bukatar kalmomi tsakanin 8,000 zuwa 9,000, kowace da rassanta. In ɗalibi zai haddace goma kullum, sai ya yi kwana 800 ba fashi ba mantuwa kafin ya kai ƙaramin adadin, kuma ma'ana ɗaya-ɗaya kawai zai riƙe. Babu jadawalin makarantar da zai ɗauki wannan. Dole mafi yawan kalmomin su shigo ta hanyar karatu.

Shaidar da suka fi alfahari da ita daga tsibirin Fiji ta zo. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun shiga makarantun firamare na karkara, inda yara ke da harshensu na gida, Turanci kuma sai a aji, kamar dai Bakori. Suka zuba wa ajujuwa na huɗu da na biyar littattafan labari masu hotuna kimanin 250, aka ware kusan rabin sa'a kullum don karatu a maimakon wani ɓangare na darasin da aka saba. Bayan wata takwas, ci gaban waɗannan yara a fahimtar karatu da saurare ya ninka abin da aka saba gani. Da aka kai shekara ta biyu, fifikon ya bayyana har a nahawu da rubutu. Stephen Krashen na Amurka yana kafa hujja da irin wannan sakamako wajen kare ra'ayinsa, cewa harshe yana shiga ne idan mutum yana fahimtar saƙon da ke zuwa masa, kuma tsoro yana toshe hanyar.

Ba sai an je Fiji ba, in ji su. Waɗanda suka yi sakandare a ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 suna tuna jerin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan, cikinsu har da *The Undesirable Element* na Mohammed Sule ɗan Kano, da yadda littafi ɗaya ke zagaye ɗakin kwana har bangonsa ya cire. Suna tuna *The Passport of Mallam Ilia* na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa na Arewa ne, yaro yana ganin garuruwan da ya sani a ciki. Da yawa daga cikin waɗanda ake yaba wa Turancinsu yau, in ka tambaye su, a nan suka samo shi. Har a Hausa ma an ga haka. Matan aure nawa ne suka ƙware a karatun boko ta hanyar littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ba tare da wani ya ba su jerin kalmomi ba?

Ina littattafan suke?

A nan masu hadda sukan gyara zama. Sun ce misalin matan aure bai shiga ba, domin Hausa tana bakinsu tun suna goye, haruffa kawai suka koya. Fiji kuwa littafi 250 aka kai. A nuna musu ajin firamaren gwamnati a ƙauyukan Kakumi ko Jargaba da ke da littafin labari ko ashirin. Manomin da ke lissafin kuɗin buhun taki, da wuya ya ware na littafin hira. Amma littafin rubutu guda da biro kowa zai iya saya, allon aji kuma yana ɗaukar kalma goma kowace safiya.

Sun ƙara da cewa ko littattafan sun samu, ba kowa zai amfana ba. Binciken Paul Nation da masu yawan karatu ke ambata shi ne kuma ya nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kafin ya iya hasashen ma'anarta cikin sauƙi. Yaron da kalma ɗaya cikin uku baƙuwa ce a gare shi ba karatu yake yi ba, kallon takarda yake yi. Zai rufe littafin ya ƙara tsanar Turanci.

Kuma suna da tasu shaidar daga waje. A Kanada an daɗe ana saka yara masu jin Turanci a makarantun da ake koyar da komai da Faransanci. Merrill Swain ta lura a 1985 cewa bayan shekaru masu yawa yaran suna fahimta sosai, amma kurakuran nahawu sun zauna daram a maganarsu da rubutunsu. Wato ji da karatu kaɗai ba sa wanke kuskure. Balle Turanci, mai haruffa 26 da sautuka kusan 44, inda yadda ake furta kalma ba lallai ya nuna yadda ake rubuta ta ba. Ɗan Hausa ya saba da boko, abin da ka ji shi za ka rubuta. Ga kuma rikicin "f" da "p", da na "b" da "v", waɗanda kunnensa bai saba rabewa ba. In ba shifta, me zai nuna masa?

Akwai wata magana da ba a son faɗa amma gaskiya ce. Karatun yaran wannan yanki yana yawan yankewa. Da damina ana ɗauke su zuwa gona, da kaka zuwa girbi, ga matsalar tsaro da ta sa aka rufe makarantun kwana na wani lokaci bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020. Masu hadda sun ce ɗalibin da ke da littafin kalmominsa a aljihu zai iya bita a gindin bishiya. Masu yawan karatu suka ce littafin labari ma yana shiga aljihu, kuma shi ba sai an tilasta wa yaro ya buɗe shi ba.

Jan biro, banakula da waya

Rigimar ta fi zafi a kan gyaran rubutu. A 1996 John Truscott ya wallafa maƙalar da ta girgiza malaman harshe, inda ya ce gyara kurakuran nahawu a rubutun ɗalibi ba ya haifar da ɗa mai ido, yana ma iya cutarwa, gara a daina. Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, ta ce gyara yana aiki in an zaɓi abin da za a gyara, aka kuma sa ɗalibi ya sake rubutawa. Har yau masana ba su gama wannan shari'a ba.

A ajin Bakori maganar tana da wata fuska. Malamin da ke da ɗalibai 80, in kowa ya rubuta kalma 450, ya tashi da kalma 36,000 a gabansa, daga aji ɗaya ke nan. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ko ya daina ba da insha'i gaba ɗaya, ko ya yi wa takarda jina-jina da jan biro, ɗalibi ya leƙa makinsa ya ninke ta. Masu yawan karatu sun ce yaron da aka mayar wa takarda ja-jawur, gobe jimla uku gajeru zai rubuta don gudun kuskure. Masu hadda sun ce wanda ba a taɓa gyara wa ba zai kai kuskurensa har ofis, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai dukansu sun san akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: shi mai gyaran ya iya? A 2017 gwamnatin Kaduna, maƙwabciyarmu, ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, amma babu wanda ya ce matsalar ba ta nan.

Sai dokar hana banakula, inda monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Abin lura, wannan doka tana da magoya baya a ɓangarorin biyu, wasu don horo, wasu don a tilasta zama cikin harshen. Waya ma fuska biyu gare ta. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta ɗauki Hausa, ƙamus ya koma tafin hannu, ana kuma jin furucin kalma da taɓawa ɗaya. Amma a wayar ne dai matasa ke sabawa da gutsure kalmomi da watsar da babban baƙi da aya, har hannu ya saba ya kai su takardar jarrabawa.

In aka tankaɗe aka rairaye

Ni a ganina, kowane ɓangare yana magana ne a kan ɗalibi daban. Mai hadda yana kallon yaron da bai da komai a hannu, mai yawan karatu yana kallon wanda ya riga ya tashi. Kalmomi 2,000 da suka fi yawo a Turanci suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a Bengal ta ƙasar Indiya, ya fitar da jerin irin waɗannan kalmomi a 1953. A wannan mataki hujjar masu hadda ta fi ƙarfi, kuma ban ga dalilin jin kunyar ba da ma'ana da Hausa ba. An yi mana aikin tun tuni: akwai *Kamus na Turanci da Hausa* na Neil Skinner, akwai ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990. Sharaɗin kawai shi ne a haddace kalmar tare da jimlar da aka tsince ta a ciki, a kuma yi mata bita irin ta tilawa. Shi kansa West ɗin bai tsaya ga jeri ba, ya rubuta littattafan labari masu sauƙi waɗanda ke shigo da sababbin kalmomi kaɗan-kaɗan. Wannan ya nuna mutumin da ya fi kowa sanin darajar jerin kalmomi bai ɗauke shi a matsayin ƙarshen tafiya ba.

Bayan wannan mataki kuwa, ban ga yadda za a kauce wa hujjar masu yawan karatu ba. Dubban kalmomin da suka rage, da sanin wace ke zama kusa da wace, da jin daɗin jimla a kunne, ba sa samuwa sai a shafi. A nan ne ya dace ɗalibi ya koma ga ƙamusun da ke bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi, irin wanda A. S. Hornby ya tsara don baƙin harshen, wanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948. Uzurin rashin littattafai gaskiya ne, amma dalili ne na a nemo su.

Akwai abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa, kuma yana damuna. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, ba hadda ba labari, babu wanda zai yi masa amfani a Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ya nuna yaran ba su koma baya a Turanci ba. A nan Katsina ma an gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan ajujuwa. Babban baƙi a farkon jimla, aya a ƙarshenta, raba kalmomi, buɗe sabon sakin layi in magana ta sauya, duk ɗabi'u ne da yaro zai fi saurin kamawa a harshen da yake tunani da shi, sannan ya ƙetare da su. Saboda haka dukan yaro don ya yi Hausa ba ni tare da shi ko kaɗan. Abin da yake koya wa yaro shi ne yin shiru.

Inda ban iya yanke hukunci ba shi ne jan biro da rabon lokaci. Hankalina ya fi karkata ga a zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu a kowane mako, a gyara su, ɗalibi ya sake kwafe aikinsa da hannunsa. Amma na san malaman da suka yi shekara talatin suna bin kowane harafi, ɗalibansu kuma suna yi musu addu'a har gobe, ba zan ce musu sun ɓata lokaci ba. Haka kuma malamin ajin ƙarshe na sakandare, wanda WAEC ke gabansa da wata shida, in ya ce ba zai ba da darasi guda a mako ga karatun labari ba, yana da hujjar da sakamakon Fiji bai amsa ba, domin can ƙananan yara aka gwada, kuma an ba su shekara biyu.

Abin da ba ya jiran a gama muhawara shi ne littafi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar hatsi da 'yan bokon Bakori da ke aiki a Kaduna da Abuja suna iya cika akwati guda da littattafan labari masu sauƙi da ƙamus biyu ga kowace makaranta, a damƙa makullin a hannun malamin da zai buɗe shi. Malaman da suka gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan a ajujuwan Bakori da Funtuwa da Malumfashi kuma, muna roƙon su fito su gaya mana abin da suka gani a takardun ɗalibansu.